BurstFilter na Log4j2: abin da na gani da muka sa shi a sabar masu POS a Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kod. Yau a kan BurstFilter zan yi magana, ɗan abin nan da ke cikin Log4j2 wanda ake sa wa saƙonnin log iyaka da shi gwargwadon nauyinsu. Log shi ne rubutun da manhaja ke ajiyewa na abin da ke faruwa a cikinta, Log4j2 kuma kayan aikin Java ne na rubuta shi. Tun daga farko bari in faɗi matsayata, yana aiki, yana aiki sosai ma, layi ɗaya ne kacal a fayil ɗin saiti amma ya sauke mana nauyi babba, kuma kyauta ne tunda gidauniyar Apache ce ke da shi ba wanda zai ce ka biya ko sisi. Sai dai akwai wurare biyu zuwa uku da in ba ka san su ba zai zubar maka da saƙon da kake nema ruwa a jallo, kuma ba zai gaya maka ya zubar ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya min a rai, zan daɗe a kansa in mun iso wurin.

Mu 'yan kaɗan ne a nan Jos, muna kula da wata manhaja da aka rubuta da Java wadda ke bayan injinan POS na wasu ejan, yawancinsu a Tamanas da Farar Gada da Katako, wasu kuma can Bukuru. Saba ce 'yar ƙarama muke haya, diskinta ba wani babba ba ne, don kuɗin hayar da dala ake biya kuma kowa ya san yadda canji ya koma. Ranar da komai ke tafiya lafiya ba mai tunawa da log. Ranar da netwok ya rikice ita ce ranar. Ka ɗauki safiyar Farar Gada, sanyi na busawa, ana ta lodin tumatir da kabeji da karas, dillalai sun yi layi gaban mai POS kowa na son ya ciri kuɗi ya sallami manomi, sai ɓangaren banki ya daina amsawa. Injin ya tura bai samu amsa ba, ya sake turawa, ejan ma ya ƙara dannawa don kwastoma na tsaye a kansa, ita ma manhajarmu tana sake gwadawa da kanta, kuma duk gwaji ɗaya layi ne a log, wani lokacin ma ba layi ɗaya ba, dogon jerin bayanin kuskuren nan na Java ne mai layi hamsin sittin. In ka buɗe fayil ɗin kana kallonsa kai tsaye a wannan lokacin wallahi ba abin da idonka zai kama, rubutu ne kawai ke gudu sama, magana ɗaya ce ake ta maimaitawa, banki bai amsa ba, banki bai amsa ba.

Yi lissafin da kanka. A ce kowane saƙo da jelarsa ya kai KB 5, ana rubuta 200 a sakan ɗaya, ka ga MB 1 ke nan a sakan, GB 3.6 a awa. Saba mai GB 40 wadda dama rabinta a cike yake, in abin ya fara da hantsi kafin la'asar ta toshe. Kuma in diski ya cika ba log kaɗai ke tsayawa ba, ma'ajiyar bayanai ma ba ta iya rubuta komai, sai matsalar da ta faro daga wajen wasu ta dawo taka, netwok ya dawo amma kai kana ƙasa.

Na san wani zai ce to ai akwai RollingFile, ka sa fayil ya riƙa juyawa in ya kai wani girma, tsofaffin a goge. Haka ne, muna amfani da shi kuma dole ne ma a yi, amma shi diski kawai yake karewa. In ba ka canja komai ba DefaultRolloverStrategy tsofaffin fayil 7 yake ajiyewa, to in ambaliya ta zo cikin ɗan lokaci za ta cika bakwai ɗin nan da magana ɗaya, ta ture na safe waje, alhali na safen su ne ke ɗauke da yadda abin ya fara. Diski ya tsira amma abin da za ka karanta ka gane matsalar ya tafi.

Ga yadda matakan suke ga wanda bai saba ba. Log4j2 yana da TRACE, DEBUG, INFO, WARN, ERROR da FATAL, daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi, kuma kowanne yana da lamba a ciki, TRACE 600, DEBUG 500, INFO 400, WARN 300, ERROR 200, FATAL 100. Lura fa, ƙaramar lamba ita ce mai nauyi, kamar dai yadda syslog, tsohon tsarin log na Unix da Linux, ke yi inda 0 ce ta gaggawa 7 kuma ta bin diddigi. Abin da yawancinmu muka saba shi ne mu ce wa loga, wato abin da kod ke miƙa wa saƙon log, daga INFO zuwa sama ka rubuta, ko daga WARN zuwa sama, shi ke nan. Amma wannan ko duka ne ko babu. In ka rufe INFO don tsoron ambaliya ka makantar da kanka a ranakun lafiya, in ka buɗe shi kuma ranar rikici ya binne ka. BurstFilter shi ne ya kawo hanya ta uku, a bar INFO yana shiga yadda ya saba, sai in ya yi yawa fiye da ƙima a datse shi, masu nauyi kuma su wuce ba mai tare su.

Saitin kansa ga shi, irin wanda ke cikin misalin takardunsu:

<BurstFilter level="INFO" rate="16" maxBurst="100"/>

Abu uku ne. level shi ne matakin da iyakar ta shafa, shi da duk waɗanda ba su kai shi nauyi ba, wato a nan INFO da DEBUG da TRACE, su kuwa WARN da ERROR da FATAL ko kallonsu ba ya yi. In ba ka rubuta level ba WARN yake ɗauka. rate shi ne matsakaicin adadin saƙo a sakan, maxBurst kuma yawan da zai bari su shigo a karo ɗaya. Shawarata ka rubuta duka ukun da hannunka, duk wanda ya buɗe fayil ɗin bayanka ya gani a fili.

Yadda yake lissafin ne mutane ba sa ganewa, suna zaton 16 yake bari duk sakan ɗaya yana tafiya a hankali. Ba haka ba ne. Ka ɗauki mai abinci da ke da kwano 100, duk wanda ya zo ta zuba masa a kwano ɗaya, kuma kowane kwano sai ya yi wani ɗan lokaci kafin ya dawo hannunta. In mutane na zuwa jefi-jefi kwano ba zai taɓa ƙarewa ba, in kuwa mota ta sauke mutum ɗari biyar lokaci guda, ɗarin farko za su samu sauran sai haƙuri har kwanuka su dawo. Lokacin dawowar shi ne maxBurst a raba da rate, a misalin nan 100 a raba da 16, sakan 6.25 ke nan. To a lokacin ambaliya abin da za ka gani a fayil shi ne layi ɗari sun zubo a tare, sai shiru na kusan sakan shida, sai wasu ɗari, sai shiru. In ba ka san da wannan ba za ka ɗauka manhaja ce ke sanƙarewa tana farfaɗowa, alhali lafiyarta ƙalau, tacewa ce ke aikinta. Wannan ma yana nuna maka cewa lambobin biyu tare suke tafiya, in ka sa maxBurst 1000 da rate 10 to shirun zai iya kai sakan 100, kusan minti biyu ba INFO ko ɗaya, kuma minti biyu a lokacin da ejan ke ta kira ba ƙaramin lokaci ba ne. Ni na fi son ƙaramin maxBurst da rate mai ɗan yawa, giɓin ya zama gajere.

Yanzu ainihin abin da ya sa na neme shi, wato kowane mataki da iyakarsa. A nan ne zan rage masa maki kaɗan, don BurstFilter guda ɗaya ba ya ba ka wannan. Lissafi ɗaya yake yi wa duk matakan da ke ƙarƙashinsa, in ka sa level a WARN to WARN da INFO da DEBUG daga rabo ɗaya suke ci, kuma tunda DEBUG ya fi kowa surutu shi zai cinye ya bar WARN a waje, wanda shi ne akasin abin da kake so. Maganin shi ne ka jera su fiye da ɗaya a cikin Filters. Na farko a DEBUG da 'yar ƙaramar iyaka, na biyu a INFO da matsakaiciya, na uku a WARN da mai faɗi. Abin yana yiwuwa ne saboda saƙon da ya tsallake ana ba shi hukuncin NEUTRAL, ma'ana je ka na gaba ya duba ka, wanda bai samu wuri ba kuma DENY, a nan ya tsaya. To saƙon DEBUG sai ya bi ta ƙofa uku, INFO ta biyu, WARN ta ɗaya, ERROR kuma ba ta ko ɗaya. Sai dai ka riƙe a ranka cewa DEBUG ɗin da ya tsallake ƙofar farko yana cin wuri a ta biyu da ta uku ma, don haka in kana son INFO ya samu 50 a sakan kuma ka ba DEBUG 10, to ƙofar INFO 60 za ka sa. Jerin ma yana da muhimmanci, mai sauƙin a fara sa shi, don a zubar da tarkacen DEBUG tun kafin su je su ci rabon wasu. Da zarar ka gane wannan abin yana tafiya sumul, amma da a ce sun ba da hanyar rubuta iyakar kowane mataki a wuri ɗaya da ya fi, don duk sabon yaron da ya zo aiki sai an zaunar da shi an yi masa wannan bayanin.

Sai inda za ka ajiye shi, kuma dan Allah a nan a nutsu. Log4j2 yana barin ka sa tacewa a wuri huɗu, a saman saitin gaba ɗaya, a kan loga, a kan mahaɗin loga da appender, ko a kan appender ɗin kansa, wato abin da ke kai saƙon inda za a ajiye shi, kamar fayil. Na saman shi ya fi sauƙin rubutawa kuma shi ya fi haɗari da BurstFilter. Dalili kuwa, tacewar sama ana tambayarta ne tun kafin a duba ko matakin saƙon a buɗe yake. Wato ko da ka rufe DEBUG, duk inda kod ya kira debug sai an bi ta kanta, ta ba shi wuri, sannan daga baya a zubar da shi saboda a rufe yake. Har tambayar nan ta isDebugEnabled, da kod ke yi don ya san ko DEBUG a buɗe yake, ma ta nan take bi. Ka ga saƙonnin da ba za a taɓa rubuta su ba sun cinye rabon, INFO na gaske ya zo ya tarar babu. A gwaji muka ga wannan, fayil kusan wayam amma INFO na ta ɓacewa, da muka mayar da shi kan appender sai komai ya daidaita.

Tsakanin loga da appender kuma ya danganta. In ka sa a appender duk sassan manhaja rabo ɗaya suke ci, sai ɓangare ɗaya mai surutu ya hana sauran magana. Mu mun san mai surutunmu, ɓangaren da ke magana da banki ne, to shi muka ware wa logarsa da tasa iyakar mai tsauri, sannan muka sa wata mai faɗi a babban fayil saboda ko-ta-kwana. Kuma kar a manta lissafin na kowace manhaja mai gudana ne ita kaɗai, in kana da kwafi uku a saba uku duk suna tura log wuri ɗaya to iyakar ta ninka uku.

Maganar ERROR. Mutane da yawa da na yi hira da su tambayarsu ta farko ita ce, to in ambaliyar ta ERROR ce fa? Tambaya ce mai kyau don sau da yawa hakan ne ke faruwa. Kana iya sa level a ERROR, zai datse shi, FATAL kaɗai zai rage mai wucewa kai tsaye. Amma in ta SLF4J kake rubuta log, wato ƙofar da kod ke bi ya miƙa saƙo ga Log4j2 ko makamancinsa, kamar yadda yawancin masu Spring, tsarin gina manhajar Java, ke yi, to SLF4J ba shi da FATAL sam, ERROR ne ƙarshensa, ka ga ke nan ba sauran saƙon da ke da tabbacin shiga. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. A cikin ERROR dubu masu cewa banki bai amsa ba, akwai guda ɗaya da ke cewa ma'ajiyar bayanai ta ƙi karɓar rubutu, kuma BurstFilter ba ya karanta abin da saƙo ya ƙunsa, mataki da lokaci kawai ya sani, wanda ya riga zuwa shi ke shiga. Abin da muka yi shi ne muka koma kod muka tambayi kanmu, shin rashin amsar banki a gwaji na farko ERROR ne? A'a. Abu ne da aka san yana faruwa kuma za a sake gwadawa, WARN ne. Sai an gama duk gwaje-gwajen an haƙura sannan a rubuta ERROR guda ɗaya. Daga nan yawan ERROR ya faɗi warwas, muka ba shi fayil ɗinsa daban da ThresholdFilter, mai barin ERROR zuwa sama kawai su shiga, ba wata iyaka a kansa. Gaskiyar magana rabin amfanin da muka samu daga wannan gyaran matakan ya fito, BurstFilter ne dai ya tilasta mana zama mu yi shi, don ba ya amfani in duk abin da ya motsa ka kira shi ERROR.

To ga babban aibinsa. In ya zubar da saƙo shiru yake yi. Ba layin da zai ce na zubar da kaza, ba alama, ba komai. Kai da ke karanta fayil washegari ba ka da yadda za ka bambance tsakanin ba abin da ya faru a wannan sakan biyar ɗin da kuma abubuwa dubu sun faru an zubar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai bincike, domin rashin layi a log hujja ce da muke dogara da ita, mukan ce ai buƙatar ba ta iso mu ba tunda ba ta cikin log. Da zarar ka sa BurstFilter wannan hujjar ta mutu a duk matakin da ya shafa. Abin da ya ƙara sa nake jin zafinsa shi ne na ga inda aka yi daidai. journald na systemd, wanda ke kan yawancin sabobin Linux, shi ma yana da iyaka, RateLimitIntervalSec da RateLimitBurst, a sababbin fitowa saƙo 10000 cikin sakan 30 ga kowane sabis, amma shi in ya datse sai ya rubuta layi ya ce ya danne saƙo kaza daga sabis kaza. Layi ɗaya tak, amma ya gaya maka akwai rami a nan kuma ga zurfinsa. Abin da nake roƙon masu Log4j2 su ƙara ke nan, ba wani abu mai wuya ba ne.

Kafin su ƙara mu dai mun yi wa kanmu dabara. A ɓangaren bankin muka sa ɗan ma'auni a kod yana ƙirga sau nawa aka kasa samun amsa, duk minti ɗaya sai ya rubuta layi guda, a mintin da ya wuce an kasa sau kaza, injina kaza abin ya shafa. Wannan layin muka yi masa Marker, wato alama, muka sa MarkerFilter a gaban jerin da hukuncin ACCEPT, wanda bai da alamar kuma NEUTRAL, don haka shi ba ya bin layi, kai tsaye yake shiga. Yanzu in rikici ya tashi layin nan nake fara nema, ya fi min layi dubu goma amfani.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba na wasa da shi, log ɗin kuɗi. Kwanaki wani dattijo cikin ejan ɗinmu na Katako ya kira ni bayan azahar, ya ce Injiniya ga wata baiwar Allah nan tsaye tun ɗazu, an cire mata kuɗi alat ya shigo wayarta amma risit ya nuna bai yi ba, kuɗin cefanen gidanta ne, me zan ce mata? Na ce Baba ba ni lambar da ke ƙasan risit ɗin. Ya karanto min a hankali yana maimaitawa, ina jin hayaniyar 'yan katako da injin yanka a bayansa. Na nemi lambar a fayil ɗin cinikayya, ga ta nan, lokacin da buƙatar ta fita, lokacin da muka gaji da jira, da saƙon mayar da kuɗi da muka tura. Na ce Baba gaya mata an riga an tura a mayar mata, ga lambar shaida ta rubuta ta riƙe ko da za ta je banki. Ya ce Allah ya yi albarka. A daidai wannan lokacin babban log ɗinmu yana cikin datsewa, INFO na ta zubewa, amma wannan fayil ɗin ko layi ɗaya bai rasa ba, saboda logarsa daban ce, mun sa mata additivity a false don kada saƙonninta su haura zuwa babban log, appender ɗinta daban, kuma ba BurstFilter ko ɗaya a hanyarta. Duk abin da ya shafi kuɗin mutane ko wanda za a iya tambayarka shaidarsa gobe, kar ka bari ya kusanci wannan tacewar ko da matakinsa INFO ne. Af, tunda ana maganar, a daina zuba cikakkiyar lambar kati da BVN a log dan Allah, amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan.

Wasu za su ce me ya sa ba mu zauna a Logback ba, takwaran Log4j2 a wannan aiki, tunda shi Spring Boot ke zuwa da shi. Logback ba shi da laifi, mutum ɗaya ne ma ya faro su, Ceki Gülcü, shi ya yi Log4j na farko sannan ya yi SLF4J da Logback. Yana da abubuwa biyu da suka yi kusa da wannan. AsyncAppender ɗinsa yana da layin jira mai ɗaukar 256, in ya rage kashi 20 cikin ɗari ya cika sai ya fara zubar da TRACE da DEBUG da INFO ya bar WARN da ERROR. Wannan yana da kyau amma gudun manhaja yake karewa, in diskinka na da sauri layin ba zai cika ba, duk ambaliyar za ta shige. Sai DuplicateMessageFilter mai zubar da saƙon da aka maimaita fiye da sau 5, shi kuma ba ruwansa da lokaci, ba ya cewa an kwana biyu bari in sake bari, muddin saƙon na cikin ɗari da yake riƙe da su a ƙwaƙwalwa to ya rufe masa ƙofa. Ba ɗaya a cikinsu da ke cewa kaza a sakan daga mataki kaza zuwa ƙasa. Shi ya sa muka koma, kuma komawar ba wuya, ka cire spring-boot-starter-logging ka sa spring-boot-starter-log4j2, ka rubuta log4j2-spring.xml, kod ɗinka na SLF4J ba abin da zai canja.

Wani abin da na ji daɗinsa shi ne monitorInterval. Ka sa masa sakan 30 misali, duk lokacin da ka gyara fayil ɗin saiti zai ɗauka da kansa ba sai ka kashe manhaja ka kunna ba. Ranar kasuwa ana tsakiyar ciniki ba mai son ya kashe saba don kawai ya ƙara rate daga 20 zuwa 50.

Na san da an ambaci Log4j wasu gabansu ke faɗuwa saboda Log4Shell, ramin nan na Disamba 2021 mai lamba CVE-2021-44228 da aka ba shi maki 10 cikin 10 a haɗari, wanda ya hana masu saba barci a duniya gaba ɗaya. Tsoron yana da dalili. Amma an toshe shi, gyaran ya bi ta 2.15.0 da 2.16.0 da 2.17.0 har zuwa 2.17.1 a cikin watan nan ɗaya, don haka kar ka sa abin da ya gaza 2.17.1, gara ma ka ɗauki sabon da ke akwai. Wanda kuma har yanzu ke kan Log4j 1, tun Agusta 2015 aka daina kula da shi, BurstFilter ɗin da nake magana na Log4j2 ne wanda ya fito a 2014.

Takardun bayaninsu kuwa sai a hankali. Abin da kowane saiti ke nufi yana nan a rubuce, amma irin tarkon nan na sa shi a sama ko yadda ake jera su mataki-mataki sai ka haɗa da karanta kod ɗin da gwaji. Alhamdu lillahi kod ɗin BurstFilter gajere ne, zama ɗaya za ka karance shi, kuma ina ba duk mai niyyar amfani da shi shawarar ya yi hakan.

In maki zan ba shi, huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi ne saboda shirun da yake yi in ya zubar. Kafin ka kai shi sabar aiki ka rubuta ɗan kod a kwamfutarka da zai watsa INFO 5000 a jere, kowanne da lambarsa, ka cusa WARN da ERROR jefi-jefi a tsakani, sannan ka buɗe fayil ka ƙirga. ERROR su fito cif ba ragi, INFO su tsaya daidai inda maxBurst ya ce, ka jira tsawon giɓin ka sake watsawa ka ga sun dawo. In lissafin bai fito ba, fara duba inda ka ajiye tacewar, sannan ka sa status a debug a saman saitin, Log4j2 zai zayyano maka duk abin da ya loda da yadda ya jera su.